Na Bar Tasi a New York, Na Koma Ciyar da Shanu a Kansas

Ni mutumin Mai'adua ne, arewa da Daura, dab da iyakar Nijar. Mahaifina dillali ne a kara, kuma tun ina firamare duk ranar Lahadi ni ke riƙe masa igiya yana ciniki da fatake. Boko na yi musamman don in tsere wa shanu. Da na ci bizar Amurka ta caca na sauka New York a 2010, na ɗauka ni da kashin shanu mun yi hannun riga ke nan.

Bronx na zauna, kuma wanda bai je ba da wuya ya yarda da yawan Hausar da ake yi a can. Ga mutanen zangon Kumasi da na Nima, ga 'yan Maradi da Damagaram, mu 'yan Najeriya ma mu ne 'yan tsiraru a ciki. In aka sallame Juma'a bakin masallaci sai ya kaure da "ina gajiya, ina iyali", ga mai kilishi ya buɗe but ɗin motarsa, ga mai turare, ga tela yana faƙon wanda bai biya shi kuɗin ɗinkin Sallah ba. Matarka ta haihu, kafin ku dawo daga asibiti mata sun cika ɗakin da kuloli. Mutum ya rasu da safe, kafin magariba an haɗa kuɗin jana'iza, ko na kai gawa gida in haka ya bar wasiyya. Duk wannan ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, don tarar da shi muka yi a gine.

Tasi nake ja, irin mai ruwan ɗorawa. Motar ba tawa ba ce. A gareji nake karɓa, in biya hayar awa goma sha biyu tun kafin in ɗauki fasinja ko ɗaya, in zuba mai daga aljihuna, abin da ya ragu shi ne nawa. Shekarun farko yana raguwa, har ana aika na cefane gida. Lambar izinin da ake mannawa a kan bonet ɗin tasi, wadda ita ce jarin sana'ar, sai da ta haura dala miliyan ɗaya a 2014. Daga nan motocin haya da ake kira ta waya suka cika gari, fasinja ya daina ɗaga hannu a bakin titi, lambar ta faɗi warwas. Waɗanda suka ci bashin banki suka saye ta su suka fi shiga uku. A 2018 direbobi da dama suka kashe kansu a birnin, jaridu na bugawa ɗaya bayan ɗaya. Ni ba ni da bashin lamba, amma akwai daren da zan yi ta zagaye Manhattan har asuba in dawo da abin da bai kai kuɗin madarar yara ba.

Gidan kuwa ɗaki ɗaya ne da falo a hawa na biyar, haya na cinye fiye da rabin abin da mu biyu muke samu. Uwargida tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu, jirgi biyu take hawa kafin ta isa. Ina dawowa tana fita. Ni ina barci da rana, yara biyu suna falo an hana su motsi. Babbar 'yata ta iya sanɗa kafin ta iya gudu.

Wani Basomale da muke karɓar mota a gareji ɗaya shi ya fara tafiya. Bayan 'yan watanni ya kira ni ya ce, "Ɗan'uwa, zo ka gani. A nan aiki ne ke neman mutum." Na ce ina ne nan ɗin? Ya ce Garden City, kudu maso yammacin jihar Kansas. Ban taɓa jin sunan ba.

Uwargida ta rubuta sunan garin a waya, abin da ya fara fitowa kuwa labarin bam ne. A watan Oktoban 2016 hukumar FBI ta kama wasu fararen fata uku da suka shirya tayar da bama-bamai a wani rukunin gidaje na garin inda Somaliyawa ke zaune, ɗaya daga cikin ɗakunan kuma shi ne masallacinsu. Sun tsara aikata abin washegarin zaɓen shugaban ƙasa. A Afrilun 2018 kotu ta same su da laifi, wato 'yan watanni kafin wannan zance namu. Ta miƙo mini wayar ta ce, "Malam, nan za ka kai mu? Mutane na gudun wuta, kai kana tambayar hanyarta?" Na kira abokin nawa na buɗe murya don ta ji da kunnenta. Ya ce har gobe a cikin gidajen nan yake sallah. Ya ce wanda ya tona asirin mutanen shi ma farar fata ne, ɗan garin, da ya zauna cikinsu yana naɗar maganarsu yana kai wa hukuma, kuma bayan kamen mutanen gari da 'yan coci sun yi gangami sun zo sun tsaya tare da su. Ta ce ta ji, amma in fara zuwa ni kaɗai, gani ya kori ji.

Jirgin ƙasa na hau daga New York zuwa Chicago, can na canja zuwa wanda ke zarcewa Los Angeles. Cikin dare ya ratsa gabashin Kansas, gari na wayewa muna dab da isa. Na leƙa taga. Ƙasa ce shimfiɗe kamar faifai, ba dutse ba kwari, bishiya sai a bakin gida inda wani ya dasa. Wai a kan tudu muke, kimanin mita 865 sama da teku, amma hawan a hankali yake tun daga gabas har gindin duwatsun Colorado, ƙafa ba ta jinsa. Abin da ya fi kowane gini tsawo rumbunan hatsi ne na siminti, farare, a jere a bakin layin dogo. Sai kuma na ga wata gona ja wur, na ƙura ido, na sake ƙurawa. Dawa ce. Gajera, ba ta wuce ƙugun mutum ba, zangarniya ta nuna, har iyakar ganin ido. Lokacin kaka ne, Oktoba. Daga baya na ji babu jihar da ta kai Kansas noman dawa a duk Amurka.

Da na samu masauki na kira Baba. Na ce, "Baba, Allah ya ja kwana, dawa na tarar a garin nan, gona ɗaya ta fi gonakin unguwarmu duka." Ya ce, "Madalla. Tuwo suke yi da ita ko kunu?" Na ce shanu suke ba, wata su yi man mota da ita, wata su sayar wa China. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To su mutanen me suke ci?" Na ce, "Shanun." Dariyar da ya yi har sai da tari ya sarƙe shi.

Garin mutum 28,000 ne da 'yan kai. Bronx kaɗai ta kusa miliyan ɗaya da rabi. Na zaci Turawa zalla zan tarar, ashe sama da rabin mutanen asalinsu Meksiko ne da ƙasashen da ke kudu da ita, ga 'yan Biyetnam da suka zo tun shekarun 1980, ga 'yan Bama, ga Somaliyawa. Abin da ya tara su ɗaya ne, katafariyar mahautar da aka buɗe yamma da gari a 1980, inda ake yanka shanu kusan 6,000 a rana, ma'aikata sun kusa 4,000. Nan na fara, kamar yadda kusan kowane baƙo ke farawa.

Ba fawa ba ce irin wadda na sani, inda mahauci ɗaya zai feɗe sa ya rarraba shi ya san kowace gaɓa. A nan naman ne ke tafiya a kan sarƙa, kai kana tsaye wuri ɗaya cikin ɗaki mai sanyi, ƙugiya a hannun hagu, wuƙa a dama, safar ƙarfe a hannu, rigar ƙarfe a ƙirji. Yanka ɗaya aka koya maka, shi za ka yi ta yi daga shiga har tashi. In wuƙarka ta dakushe, kafaɗarka ce za ta biya. Watannin farko sai na tsoma hannuwana a ruwan ɗumi da asuba kafin yatsun su miƙe in iya alwala. Sallar azahar kuwa sai ka daidaita da na kusa da kai ya riƙe maka wuri. Amma ranar biya kuɗi na shiga asusu ba tare da na roƙi kowa ya ɗaga hannu ba, ga inshorar asibiti ta iyali, abin da tasi bai taɓa ba ni ba.

Masu cewa ƙaramin gari komai araha ne su rage. Gidan haya a Garden City wahalar samu gare shi, don masu zuwa sun fi gidajen yawa. Abin da na samu irin gidajen nan ne dogaye da ake jawowa da mota a girke, a wata unguwa da ɗaruruwansu ke jere a gabashin gari. Ɗaki uku ne dai, da ɗan fili a baya, haya kuma ba ta kai rabin ta Bronx ba. Iyali suka iso cikin hunturu. A Janairun 2019, suna sabbin zuwa, aka yanke wa mutanen nan uku masu shirin bam hukuncin ɗaurin shekara 25 zuwa 30.

Yaran, ranar farko suka fita waje suka yi ta gudu ba dalili, sanyi na dukansu, an kira su sun ƙi shigowa. Uwarsu ce abin ya yi wa nauyi. A Bronx ko ba ta fita ba tana jin mutane ta bango, ta sama, ta ƙasa. A nan in na tafi aiki yara suka tafi makaranta, ba abin da take ji sai iska. Iskar nan kuwa ba ta hutu. Ta kwana tana jijjiga gidan, ta wuni tana gangaro da wata busasshiyar ƙaya dunƙulalliya tana tarawa a jikin shinge. Ba ta iya tuƙi ba, don a New York ba ta taɓa bukata ba, a nan kuma ko gishiri za ka saya sai da mota. Akwai lokacin da na dawo na same ta zaune da mayafi a jiki, jaka a cinya, ba inda za ta. Ta ce kawai ta gaji da zama da kayan gida ne. Ranar Lahadin da ta biyo na kai ta wata hanyar gona miƙaƙƙiya wadda ba ka haɗuwa da kowa, na ba ta sitiyari. Ni da na shekara takwas ina faɗa da motocin Manhattan, a nan na ga inda ya dace a koyi mota. Yanzu ita ke kai ni Wichita, tafiyar awa uku da rabi, ina barci a gefe.

Daren 9 ga Agustan 2019 gobara ta tashi a mahautar. Ba a rasa rai ba, amma aiki ya tsaya wata da watanni. A lokacin na gane girman wurin da nake tsaye da wuƙa: gini ɗaya ya ƙone a wani lungu na Kansas, sai ga farashin shanu ya faɗi a duk ƙasar, na nama ya tashi. An ci gaba da biyan mu albashi, ni kuma na yi amfani da sararin na yi kwas na lasisin manyan motoci. Kafin a sake buɗewa na samu aiki a ɗaya daga cikin wuraren turka shanu da suka kewaye garin.

Nan ne ɗan dillali ya ga abin da ya fi ƙarfin lissafinsa. Garke ne bayan garke, an raba da bututun ƙarfe, akwai wuraren da ke ɗaukar shanu sama da 50,000 a lokaci guda. Yawanci baƙaƙe ne, ba tozo ba ƙaho, ba wanda ya san sunan wata ko uwar da ta haife ta, lamba ce kawai a kunne. Ana kawo su 'yan maruƙa da suka tasa daga wuraren kiwo na jihohi daban-daban, su yi wata biyar ko shida suna ci, su haura kilo 600, tirela ta kwashe su zuwa mahauta. Tun duhun asuba wani ke bin kwamin abincin da mota yana duba wane garke ya cinye, wane ya rage, ya rubuta abin da za a zuba wa kowanne. Ni nawa in ja motar abinci zuwa injin, a zuba mini masarar da aka turara aka murje, da harawa, da yankakken karan masara da aka adana ya yi tsami, da dusar da ta rage daga masana'antar man mota. Motar na gaurayawa da kanta, akwai sikeli a jikinta. Ina tafiya a hankali a gefen kwami tana zubawa, idona ɗaya a kan lambar sikeli, ɗaya a kan madubi. In na zarce da kilo kaɗan kwamfuta ta rubuta. Makiyayan da suka rage su ne masu hawa doki suna ratsa garke suna neman wadda kunnenta ya faɗi ko hancinta ke zuba, su fitar da ita a kai ta magani. Yawancinsu 'yan Meksiko ne, kuma idonsu a kan dabba bai gaza na Bafulatanin da ya tashi a ruga ba. Da su na fi shiri.

Wari kam akwai shi. In iska ta juyo daga wajen garken duk gari sai ya sani. Ka yi ƙorafi, ɗan gari ya yi murmushi ya ce maka warin kuɗi ne.

Abin da ya fi damuna da wannan arziki ruwa ne. Ruwan saman da ake samu a shekara kusan milimita 500 ne, wato bai fi na wajajenmu ba, ga iska mai busar da komai. Dawa da alkama za su iya haƙuri da haka, masara ba za ta iya ba. Masarar da shanun nan ke ci da ruwan ƙarƙashin ƙasa ake noma ta, daga wani babban tafki da ake kira Ogallala wanda ya ratsa ƙarƙashin jihohi takwas. Ana haƙa rijiya a tsakiyar gona, a ɗora dogon bututu mai tayoyi, tsawonsa kusan mita 400, yana zagayawa yana yayyafi, shi ya sa gonakin suke da'ira-da'ira in ka hango daga jirgin sama. Ana ja fiye da yadda yake komawa, kowace shekara rijiyoyi na ƙara zurfi, wasu sun ƙafe. Kogin Arkansas da ya ratsa kudancin gari a taswira kawai yake kogi. Gada na nan, ƙarƙashinta yashi, samari na tseren babur a ciki. Wani tsohon manomi da nake saye a wurinsa ya ce yana yaro ya yi iyo a wurin. Manoman sun san abin da ke tafe, suna taro a kai, amma kowa na jiran maƙwabcinsa ya fara rage ja. Wanda ya tashi inda ake bin rijiya da guga tun asuba ba zai kalli wannan yayyafi da tsakar rana hankalinsa ya kwanta ba.

Yanayin ma ba ya wasa. A Fabrairun 2021 sanyi ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili, muna fasa ƙanƙarar kwamin ruwa da gatari. Ranar 15 ga Disamban wannan shekarar iska ta taso da ƙura har rana ta ɓace, a wasu sassan jihar ta kai gudun mil 100 a awa, ta kifar da tireloli, gobarar daji ta cinye gonaki da dabbobi. Sai Yunin 2022, zafi ya sauko kwatsam ya haura digiri 40, iskar da ba ta hutu ta ɗauke cak, dare ma bai huce ba, shanun kuma ba su gama zubar da gashin hunturu ba. Hukumomin jiha sun ce aƙalla 2,000 suka mutu a wannan yanki cikin 'yan kwanaki. Na ga ana kwasar manyan bijimai da motar loda kaya. Ban ba Baba wannan labarin ba, don na san zai kwana yana lissafin kuɗinsu da naira.

Cin abinci bai ba mu wahala kamar yadda muka ji tsoro ba. Uwargida ta gano shagunan 'yan Meksiko na sayar da zoɓo busasshe, da tsamiya, da barkono iri-iri, da garin masara mai yin tuwo sumul. Nama a shagon Somaliyawa muke saya, don wanda na yi ta sara a mahauta ba yankan Musulmi ba ne. A bayan gida ta shuka kuɓewa da yakuwa da alayyafo, daga Mayu zuwa farkon Oktoba kafin sanyi ya ƙone su. Kuka da daddawa ne sai an aiko ta gidan waya daga Bronx. Layya kuma ta fi ta New York daɗi nesa ba kusa ba. Can kuɗi kake bayarwa a miƙo maka nama a leda. Nan gona nake zuwa in kama ragon da hannuna, in duba haƙori in taɓa gadon baya. Zuwan farko na taya ƙasa da abin da manomin ya faɗa, na juya kamar zan tafi yadda Baba ke yi, ina jiran ya kira ni. Bai kira ba. Na kai mota na dawo da ƙafata na biya. Yanzu shi ke bugo mini waya ya tambayi yaushe Sallah take bana, ya ware mini rago, ya kuma tanadi wuri mai tsabta a bayan rumbunsa inda zan yanka.

Inda garin ya gaza mana shi ne ranar da ake bukatar jama'a. A 2022 aka haifa mana auta. Na fari da na biyu a Bronx aka yi sunansu, kuma duk biyun sai da muka kama zaure, aka ci aka sha, maroƙi ya yi kirari da Hausar Kumasi, uwargida ta yi arba'in ba ta ɗora tukunya ba. Wannan karon ni na dafa ruwan wanka, ni na dama kunun kanwa, Inna na kallona ta bidiyo daga Mai'adua tana cewa, "Kai, rage wutar nan, zai yi gudaji." Ranar suna bayan asuba liman Basomale ya zo da mutum biyar, aka yi addu'a a falo, aka raba dabino, kowa ya duba agogo ya wuce aiki. Da hantsi matansu suka zo da shayi mai kayan ƙamshi da sambusa, maƙwabciyarmu 'yar Meksiko ta kawo tukunyar romon kaza, ta tsaya a ƙofa tana rantsuwa da hannu da ka cewa ba alade a ciki. Sun kyauta, Allah ya saka musu. Amma duk wunin ba wanda ya ce wa mai jego "barka da arziki" da harshenta sai ta waya. Da dare na ji tana kuka a banɗaki ta kunna famfo don kada in ji.

Haka ma a Janairun 2022, da gobara ta tashi a wani dogon bene a Bronx ta kashe mutum 17, yawancinsu 'yan Gambiya. Unguwar da na sani ce, wasu daga cikin iyalan mun sha haɗa sahu da su. Dubban mutane suka halarci jana'izar, ni kuma a cikin motar abincin shanu na kalla a waya lokacin hutu.

Mun koyi neman mutane da man mota. Akwai wani iyali 'yan Damagaram a Dodge City, mil hamsin gabas da mu, akwai wani likita Bakano da iyalinsa a Wichita, akwai wasu 'yan Ghana a Denver, tafiyar awa biyar. A Bronx da ƙyar za mu wuce gaisuwa da su. A nan in ɗansu ya yi zazzaɓi mun sani. Ƙaramar Sallah a gidan wannan, Babba a gidan wancan, a kwana a falo a kan katifu, mata su raba dare suna hira.

Yara kuwa sun zama 'yan gari. Babbar tana jin Sifaniyanci fiye da yadda take mayar da Hausa, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Na kafa doka ba Turanci a kan tabarmar cin abinci, ana bi ana karyawa. Karatun allo ta WhatsApp suke yi da wani malami a Daura ranakun Asabar da Lahadi, da safe a nan, yamma a can, tazarar awa shida ce da bazara, bakwai da hunturu. Amma ina ganinsu kullum. Ƙarfe huɗu na tashi aiki, minti ashirin ina gida. Na san malamansu, malamansu sun san ni, don a kantin cefane ma haɗuwa muke. Gidan namun dajin garin kyauta ne ga mai shiga da ƙafa, nan muke yini in an samu rana mai daɗi. A shekara takwas na New York ban taɓa kai su ko'ina ba sai asibiti da masallaci.

Turawan garin, a yadda na gansu, ba masu yawan magana ba ne, kuma siyasar yawancinsu ba ta yi wa baƙo daɗin ji. Akwai wanda ya taɓa bin uwargida da kallo a kanti har ta ajiye kwandon ta fito. Akwai kuma wanda ya tsaya cikin dusar ƙanƙara ya jawo motarta daga rami da igiya, ya ƙi karɓar ko sisi, a bayan motarsa kuwa an manna takardar ɗan takarar da ke cewa a kori irinmu. Na daina ƙoƙarin haɗa waɗannan biyun su zama lissafi ɗaya. A hanyar gona duk wanda ka gamu da shi zai ɗaga maka yatsa daga kan sitiyari, ya san ka ko bai san ka ba, ni ma yanzu ɗagawa nake.

Bara muka bar gidan nan da ake jawowa da mota muka sayi ginanne, tsoho ne amma da ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda muke sauka in jiniyar guguwa ta yi kuka. Uwargida tana aiki a gidan kula da tsofaffi, minti bakwai daga ƙofarmu. Har yanzu ba mu daidaita ba a kan abin da za mu yi in babbar ta gama sakandare. Ita tana son mu matsa Wichita ko Denver inda akwai babban masallaci da Islamiyya da samarin da za a iya kira surukai. Ni kuma ina duba bashin gida da aikin da na iya.

Mutanen Bronx suna kira suna tambaya. Wani ɗan ƙanen Baba ya zo da zumuɗi, ya yi hunturu ɗaya a mahauta, ya ce shi ba zai iya garin da ƙarfe tara na dare titi ya mutu ba, ya koma yana kai abinci da keke a Manhattan, kuma ban ga laifinsa ba. Wani ɗan Maradi da muka yi tasi tare zai zo bayan Sallah da mata da yara huɗu. Na ce masa kada ya taso sai matar ta yi lasisin tuƙi, ya kuma taho mana da daddawa gwargwadon abin da jaka za ta ɗauka. Gidan hayar ne har yau ban samo masa ba.